Neman shawara: yaya zan shirya wa jarrabawar sanin tarihi da rayuwar Birtaniya?

Tambaya daga wata 'yar'uwa mazauniyar Leeds

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina aikin kula da tsofaffi a nan Leeds, kuma lokacin da zan nemi takardar zama ta dindindin ya gabato, saboda haka dole in rubuta jarrabawar nan da ake kira Life in the UK. Na sayi littafin da hukuma ta fitar, to amma babin tarihi ya tsaya mini a wuya, domin sarakunan suna da yawa, sunayensu kuma suna maimaituwa, wannan Henry wancan Henry, ga shekaru birjik waɗanda nake haddacewa da dare su gudu kafin gari ya waye. Wata abokiyar aikina ta ce in ajiye littafin in riƙa yin tambayoyin gwaji a waya kawai. Shin wannan ya wadatar? Sannan surukata, wadda ta haura shekara 65, ita ma sai ta rubuta? Allah ya saka da alheri.

Amsar wani matashi daga Manchester

Wa'alaikumus salam Yaya. Tambayoyi 24 ne, ana ba da minti 45, kuma ana bukatar ki ci 18 kafin a ce kin haye. Kuɗin rajista fam 50 ne, ta shafin gwamnati kaɗai ake yi, aƙalla kwana 3 kafin ranar, kuma wanda ya faɗi sai ya sake biya kafin ya sake rubutawa. Ki tabbata sunan da kika rubuta wajen rajista ya yi daidai da wanda ke jikin fasfonki harafi da harafi, domin idan suka saɓa za a iya mayar da ke gida ba tare da an dawo miki da kuɗinki ba, kuma ba a shiga da yara. Hajiya ba sai ta rubuta ba, an ɗauke wa duk wanda ya kai 65 da wanda bai kai 18 ba. A ganina abokiyar aikinki ta yi gaskiya, ni ma da tambayoyin gwaji na ci tawa.

Amsar wani dattijo, tsohon malamin makaranta, daga Birmingham

'Yata, bayanin da ɗana ya yi game da tsarin jarrabawar daidai ne, amma ban goyi bayan a ajiye littafin ba. Yawancin tambayoyin da ke yawo a waya ba na hukuma ba ne, mutane ne suka tsara su daga littafin, kuma ranar jarrabawa idan aka juya tambayar ta wata fuska, wanda ya haddace amsa ba tare da ya san labarin ba sai ya tsaya yana zare ido.

Abin da ke wahalar da ke shi ne kina ɗaukar shekarun ɗaya bayan ɗaya, alhali yawancinsu labari guda suke bayarwa, wato yadda iko ya riƙa zamewa daga hannun sarki yana komawa hannun majalisa, daga nan kuma ya isa ga talakawa. Ki fara daga 1066, lokacin da William na Normandy ya ci Ingila da yaƙi a Hastings, ya sa aka ƙidaya masa garuruwa da gonaki da dabbobi domin ya san abin da ya mallaka. Wannan sarki ne mai cikakken iko. A 1215 manyan masu ƙasa suka tilasta wa Sarki John amincewa da Magna Carta, takardar da ta kafa cewa sarki ma yana ƙarƙashin doka. Henry na Takwas, mai mata shida, ya ɓalle daga Fafaroma saboda an hana shi rabuwa da matarsa ta fari, ya naɗa kansa shugaban Cocin Ingila, kuma rigimar Katolika da Furotesta da ta biyo baya ita ce ke bayyana miki abubuwa da dama: jiragen yaƙin Sifaniya da suka zo a 1588 zamanin Elizabeth ta Ɗaya, da yunƙurin su Guy Fawkes na tarwatsa majalisa a 1605, wanda har yau ake tunawa da wasan wuta kowace ranar 5 ga Nuwamba.

Daga nan sai Charles na Ɗaya, wanda ya yi imani cewa Allah ne ya ba shi mulki don haka majalisa ba ta da ta cewa. Aka gwabza yaƙin basasa daga 1642, aka sare masa kai a 1649, ƙasar ta zauna ba sarki a hannun Oliver Cromwell, sannan aka dawo da sarauta a 1660. Ba a jima ba James na Biyu ya sake tayar da tsohuwar rigimar, aka gayyato William na Orange a 1688 domin ya karɓe sarautar daga hannunsa, kuma a 1689 aka kafa dokar haƙƙoƙi wadda ta hana sarki ɗora haraji ko riƙe sojoji ba da yardar majalisa ba. Idan kin fahimci wannan, ba za ki yi mamakin ganin firaminista na farko, Robert Walpole, ya bayyana a 1721 ba, domin mulkin ya riga ya bar fada. Saura kuwa faɗaɗa ƙuri'a ne: mata 'yan sama da shekara 30 a 1918, daidaito da maza a shekara 21 a 1928, sannan aka sauko zuwa 18 a 1969.

Ki ba wa mijinki ko 'ya'yanki wannan labari da bakinki, da Hausa, kamar kina ba da labarin Dabo da Alu, za ki ga shekarun sun zauna da kansu. Zan ƙara da cewa littafin ya taƙaita zancen mulkin mallaka ƙwarai. Zai gaya miki an haramta cinikin bayi a 1807, an 'yanta bayi a daular a 1833, amma ba za ki ga abin da ya faru a Kano da Sakkwato a 1903 ba. Ki amsa musu abin da suka rubuta, namu tarihin kuma mu koya wa yaranmu a gida.

Amsar wata ma'aikaciyar jinya daga Glasgow

Baba ya gama magana a kan tarihi, Allah ya ƙara girma. Ni inda na ga mutanenmu sun fi zubar da maki shi ne wajen bambance ƙasashen nan huɗu, saboda a gida komai Ingila muke ce masa. Babban tsibirin ya ƙunshi Ingila da Scotland da Wales, idan aka haɗa da Ireland ta Arewa ne ake samun Haɗaɗɗiyar Daular, wato UK, tsibirin Man da tsibiran Channel kuwa suna ƙarƙashin sarauta amma ba sa cikinta. An haɗe majalisun Ingila da Scotland a 1707, aka haɗo Ireland a 1801, sannan kudancinta ya ware a 1922. Ba a ga alamar Wales a tutar ƙasar ba domin tun kafin a tsara tutar farko a 1606 ta riga ta haɗe da Ingila.

Ranakun waliyyansu kusan ba sa ɓacewa daga tambayoyi, kuma sun jeru ne a kalanda: David na Wales 1 ga Maris, Patrick na Ireland ta Arewa 17 ga Maris, George na Ingila 23 ga Afrilu, Andrew na Scotland 30 ga Nuwamba. Haka nan ki lura da inda Scotland ta fita daban, misali masu taya alƙali yanke hukunci a manyan laifuffuka 15 ne a nan, a sauran wurare 12, kuma majalisarmu ta Edinburgh tana da wakilai 129, ta Belfast 90, ta Landan kuma 650. Tunda aikin kula da lafiya kike yi, ki riƙe cewa an kafa hukumar lafiya ta ƙasa a 1948 a hannun minista Aneurin Bevan, bayan rahoton da William Beveridge ya rubuta kan walwalar jama'a a 1942.

Mai tambaya ta dawo

Na gode ƙwarai, Baba da Anti da ƙanena. Littafin da ke hannuna na hannu ne, kuma har yanzu yana cewa Sarauniya ce ke kan gado. In ci gaba da shi ko in nemi wani? Kuma idan na ci, sai na sake rubutawa ranar da zan nemi zama 'yar ƙasa?

Amsar wani ɗan'uwa daga Landan

Malama, ki nemi bugu na baya-bayan nan, domin Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta rasu a watan Satumba na 2022 kuma ɗanta Charles na Uku ne sarki, ƙasar ta fice daga Tarayyar Turai a Janairun 2020, sannan dokar da aka yi a 2024 ta ƙara wakilan majalisar Wales daga 60 zuwa 96 daga zaɓen 2026. Babin tarihin tsohon littafin yana nan da amfaninsa, babin gwamnati ne ke tsufa. Jarrabawar kuwa sau ɗaya ake cin ta, lambar da za a ba ki ita za ki sake sakawa a takardar neman zama 'yar ƙasa, don haka ki adana ta wuri mai kyau. Ki sani kuma shaidar iya Turanci daban take, domin Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da aka ɗauke wa wannan sharaɗi, sai dai ki yi jarrabawar Turancin da aka amince da ita ko ki gabatar da digirin da aka koyar da Turanci bayan an tantance shi. Babin zaɓe kuwa zai zo miki da sauƙi idan kika yi rajista tun yanzu, tunda 'yan Najeriya da Gana da Kamaru masu izinin zama suna iya jefa ƙuri'a a matsayinsu na 'yan ƙungiyar Commonwealth, 'yan'uwanmu na Nijar da Chadi ne a nan Ingila sai sun zama 'yan ƙasa tukuna.