Damben da Sunan Uwa Ya Raba

Mai Gidan Kallo, Gusau:

Salamu alaikum 'yan uwa. Yara sun matsa sai na sake saka musu fim ɗin Batman v Superman, wato Jemage (Batman) da Mai Jar Alkyabba (Superman), sai tsohon haushi ya taso mini. Na buɗe fage da ƙwar biyu, amsa-amonmu "ba". Mai magana ya shigo.

Da sunan Allah nike buɗe zance,
Kan fim ɗin da bai cika alkawari ba.

Tun 2013 anka yo muna shela,
Jemage zai kara da Mai Jar Alkyabba.

Shekara uku muna zuba ido hanya,
Ba tallar da ta fito da ba mu kalla ba.

A Maris 2016 anka sake shi,
Da ya iso nan, benci bai ishe mu ba.

Awa biyu da rabi muna ta shan gumi,
An ci fiye da rabi ba su ko gwabza ba.

Zaman majalisa, gardamar 'yan jarida,
Da mafarkin da ba a warware muna ba.

Ga duhu, na yi ta murɗa hasken talabijin,
Yaro ya ce, "Alhaji, ko ba ka biya wuta ba?"

Da anka ja daga, kowa ya miƙe tsaye,
Ba su cika minti goma suna yi ba.

Tsohon Ɗan Dambe, Ƙaura Namoda:

Alhaji ka sosa mini inda ke ƙaiƙayi,
Ni da na san fage, nan ban ga dambe ba.

Jemage ya zo da hayaƙin koren dutse,
Mai tashi sama ya shaƙa, bai iya tashi ba.

Ya ja shi ƙasa, ya taka mai wuya,
Mashi na sama, saura kaɗan bai soka ba.

Sai na ƙasa ya ce a je a ceci Martha,
Na sama ya sandare, kai ka ce bai yi fushi ba.

Wai ashe sunan uwayensu su biyun ke nan,
Gaba ta mutu, ba a ko kira mai sulhu ba.

Da haka ake raba dambe a ƙasarmu,
Inda iyaye duk Hauwa ne ko Habiba,

Da makaɗa sun daɗe da rataye kalangu,
Da ba a taɓa ganin kisa a fage ba.

'Yar Argungu:

Baba sannu da ƙoƙari, ka faɗi gaskiya,
Amma akwai gefen da ba ku duba ba.

Ƙato ya buɗe baki cikin halin mutuwa,
Ya kama sunan uwa gatsau, bai ce Inna ba.

Mu ko takwararta munka haɗu a hanya,
Sai "mai sunan Inna", ba mu iya faɗi ba.

Ko a Amurka, ɗa in wuya ta kai wuya,
Mama yake kira, ban ji mai kiran suna ba.

Marubuta ne sunka cusa mai a baki,
Don ba su sami wata ƙofar fita ba.

Ɗalibi, Birnin Kebbi:

Iyayena da Yaya, a yi mini afuwa, zan ɗan tsaya wa Zack Snyder, daraktan fim ɗin, ko da ni kaɗai ne.

Ku tuna farkon fim, yaro a bakin titi,
An harbe iyayensa, bai iya komai ba.

Uban na faɗuwa sunan matarsa ya kira,
Sunan nan bai taɓa fita kunnen maraya ba.

Da ya ji shi a bakin wanda zai soke,
Ya ga shi ne maharbin yau, ba wani ba.

Baƙon da yake ɗauka dodo daga sama,
Ashe ɗan wata ne, da bai taɓa tunani ba.

Ku duba Ben Affleck a faɗan cikin sito,
Ba Jemagen da ya yi irinsa, ban gani ba.

Da Wonder Woman ta diro da garkuwa,
Waye a ɗakin nan bai yi ihu ba?

Ya tara dala sama da miliyan 870,
Mai wannan ciniki ba a ce ya faɗi ba.

Ku nemi dogon, na awa uku, ku gani,
Nan ne labarin bai yi giɓi ba.

'Yar Argungu:

Baitinka na ƙarshe ya ja wa kansa tahamisi.

Ƙanena na ji ka, ka iya bayani,
Amma kuɗin shiga an biya tun wancan zamani,
Sai an karɓe sannan a dawo a ce mani,
"Ku nemi dogon, na awa uku, ku gani,
Nan ne labarin bai yi giɓi ba"?

Mai Gidan Kallo, Gusau:

Ɗana, faɗan sito na sallama maka,
Batun kuɗi kuwa, ba ka fi ni sani ba.

Makon farko ɗoki ne ya kawo mutane,
Waɗanda sunka gani ba su turo wasu ba.

Mako na biyu ciniki a Amurka ya zube,
Kusan kashi 70 cikin 100, ba wasa ba.

Fim ɗin kamfanin Marvel da ya biyo shi a Mayu,
Ya haye biliyan, naka bai kai can ba.

Tsohon Ɗan Dambe, Ƙaura Namoda:

Dodon ƙarshe da ya kamata a ɓoye,
Tun a talla anka nuna, ba mu razana ba.

Ya soke Mai Alkyabba, anka ce ya cika,
Jana'iza har biyu, hawaye bai zo mini ba.

Kafin a rufe, ƙasa ta motsa bisa akwati,
Su kansu masu fim ba su yarda ya mutu ba.

A 2017 sai ga shi ya taso a na gaba,
Wannan sai ku ba ni labari, ni ban je ba.