Musayar Waƙa: Masu Tashe a Waya

Baba Mai Alƙalami:
Assalamu alaikum. Ga baitoci a kan masu neman suna a intanet. Mai amsa ya amsa da waƙa, ƙwar huɗu, ya rufe kowane baiti da "ya".

Da sunan Allah nake farawa,
Wani ciwo ne nake dubawa,
Yaro da babba ba mai tsayawa,
Neman suna a fuskar waya.

A ci a ɗauka, a sha a ɗauka,
A yi kyauta ma sai an ɗauka,
Maraya na kuka ana ɗauka,
Wannan sadaka ce ko riya?

Na ga yarinya ta kunna haske,
Ta yi murmushi, ta goge, ta sake,
Tana kashewa fuska ta murtuke,
Ta koma ƙirgen mabiya.

An ce da mu yabon kai jahilci,
Yau shi ake kira kasuwanci,
An sai da kunya, an sai da mutunci,
Don laik ɗin baƙi na uwa duniya.

Ƙanwar Kowa:

Baba, na durƙusa na gaishe ka,
Sai dai akwai gyara a zancenka,
Ka haɗa mu duka a hukuncinka,
Mai aiki da mai tallan ƙarya.

Ni zane nake yi da hannuna,
Dare nake rabawa kan aikina,
In na ɓoye shi cikin ɗakina,
Wa zai gani, balle ya saya?

A da sai edita ya so ka,
Ko mai talabijin ya kira ka,
Ko kana da babban da zai kai ka,
In babu, baiwa ta ƙare a ɓuya.

Khaby Lame haihuwar Senegal ne,
Girman Italiya, ma'aikacin masana'anta ne,
A 2020 ya rasa aikin, zamanin korona ne,
Ya hau TikTok ba tare da murya.

Hannu biyu kawai yake shimfiɗawa,
Ya nuna sauƙin abin da ake wahalarwa,
A 2022 ya zarce kowa,
A manhajar nan, wajen yawan mabiya.

Malam Na-Gefe:
Ku yi haƙuri da tsawon nawa, abin ya daɗe yana cin raina.

Baba da ƙanwata, ku ba ni wuri,
Akwai na uku mai aiki a asiri,
Shi ke raba tashe bisa tsari,
Algoridim ne, lissafin manhaja, ba shi da zuciya.

Ba ruwansa da kyau ko muni,
Daƙiƙa nawa ka tsaya kan gani?
Ka yi sharhi? Ka tura wa wani?
Shi ke nan, sai ya buɗe hanya.

Zagi sharhi ne a lissafinsa,
Faɗa ma riba ne a wajensa,
Don talla ce hanyar kuɗinsa,
Lokacinka ne hajar da ake saya.

YouTube a 2018 ta kafa doka,
Mabiya 1,000 kafin a biya ka,
Da awa 4,000 na kallon kayanka,
Cikin wata 12, ko ka zauna a baya.

Shi ya sa mai tashe ba ya hutawa,
In ya yi shiru kaɗan ana mantawa,
Safe da yamma yana ɗorawa,
Ko da zazzaɓi, dole ya yi dariya.

Shuɗin maki a da shaida ne,
Cewa mai shafin shi ɗin ne,
A 2022 a Twitter ya zama na sayarwa ne,
Dala 8 a wata ga mai iya biya.

Manhajar Vine ta yi taurari masu yawa,
Da bidiyon daƙiƙa 6 mai maimaituwa,
A 2017 Twitter, mai ita, ta rufe wa kowa,
Shafinki, ƙanwata, gidan haya.

Baba Mai Alƙalami:

Ɗana, Allah Ya yi maka albarka,
Na ƙaru ƙwarai da bayaninka,
Amma kar a ɗora wa na'ura duka,
Mutum ke zaɓen ɓoye gaskiya.

Tauraruwa Kim Kardashian kirifto, kuɗin intanet, ta tallata,
Dala 250,000 aka ba ta,
Ta ɓoye adadin ga mabiyanta,
A 2022 hukumar Amurka ta ce ta biya.

Dala miliyan 1.26 ta bayar, ta wuce,
To wanda ya saya don ita ta ce?
Darajar ta faɗi, jarinsa ya lalace,
Wa ya tambayi yadda ya kwana jiya?

Inna Uwar Biyu:
Ban saba rubuta waƙa ba, amma wannan magana ta shafi gidana.

Yaya, bari uwa ta sa baki,
Ina da 'ya a cikin ɗaki,
Tana duban madubi da baƙin ciki,
Wai na Instagram sun bar ta a baya.

Fatar da take gani filta ce,
Siririn ƙugun nan manhaja ce,
Motar da aka jingina ta aro ce,
Ita kuwa ta ɗauka duk gaskiya.

Na zauna da ita har dare ya raba,
Na ce 'yata, ba haka suke a gida ba,
Ta ce Mama, ba ki gane ba,
Hotona mutum biyu suka so jiya.

A 2021 Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta tona,
Takardun Facebook mai Instagram ta fitar ta nuna,
Binciken kansu ya ga akwai ɓarna,
Instagram na raunata wasu 'yan mata a zuciya.

Faransa a 2023 ta yi dokarta,
Mai tashe, in talla ce ya bayyana ta,
Hoton da aka gyara jiki, a rubuta,
Ina ma kowa ya bi wannan hanya.

Ƙanwar Kowa:

Inna, maganarki ta taɓa ni,
Ki buɗe wa ƙanwata shafina ta gani,
Ina sa zanen da ya ɓaci, mai muni,
Kusa da wanda na gama da wuya.

An kawo mini tallan maganin rama,
Kuɗin sun fi na zane goma,
Na ce ina shaidar likita? Babu ko alama,
Na sallame su, na juya baya.

In an biya ni, a sama nake rubutawa,
Mabiyan bogi ba na sayowa,
Waɗanda nake da su ina amsawa,
In sun yi gyara, ko sun yi tambaya.

Baba, ta waya waƙarka ta zo,
Da babu ita, da ta ɓace a hazo,
Ka sa sunanka a kai, kai gwarzo,
Shin wannan ma za ka kira shi riya?

Baba Mai Alƙalami:

'Yata, tambayarki ta zauna,
Sa suna kan aiki babu ɓarna,
Abin da har yau ke hana ni kwana,
Yaran da iyaye ke haska wa duniya.

Ɗan shekara uku, a ɗauki wankansa,
Da kukansa, da ranar ciwonsa,
Ba wanda ya nemi izininsa,
Zai girma ya tarar da su a waya.

A 2020 Faransa ta yi doka a nan ma,
A ajiye wa yaro kuɗinsa har ya girma,
In ya ce a goge, a goge ba gardama,
Inna, ke uwa ce, ya kika ga wannan hanya?