Wani ya canza min tambayoyin fom, ya zan yi in kulle shi a bar mutane su cike kawai?

Sakatariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman taimako, abin nan ya hana ni barci jiya. Ni ce ke riƙe da takardun wata ƙungiya, za mu yi horaswa sai na haɗa fom a Google Forms don masu so su yi rajista, suna, lambar waya, imel da sauransu. Na tura linki a guruf ɗinmu na WhatsApp, mutane suka yi ta cikewa. Jiya da daddare ina buɗewa sai na ga tambaya ta huɗu babu ita kwata-kwata, ta shida kuma an sauya mata rubutu, ana cikin haka wata baiwar Allah ta kira ni ranta a ɓace wai wani da ba ta sani ba ya kira ta ya ce a fom ɗinmu ya ga lambarta. Wallahi kunya ta kama ni, don amana suka ba ni.

Sannan akwai takardar yarjejeniya da nake son turawa a PDF, a cike gurbin suna da kwanan wata kawai, kar a taɓa sharuɗɗan. Ya ake yi?

Mai Gyaran Kwamfuta:
Wa alaikumus salam Malama. Kafin komai, yanzu-yanzu ki buɗe fom ɗin ki shiga wurin ƙara abokan aiki, ki duba waye aka ba izinin gyara. Ina kyautata zaton za ki tarar an buɗe wa duk mai linki ne, sannan adireshin da ke saman burauza kika kwafa kika tura, wanda yake ƙarewa da edit. Fom ɗin Google ƙofa biyu gare shi, ta masu cikewa da ta masu gyara, ta masu cikewa ita ce mai viewform a ƙarshe ko kuma gajeren nan na forms.gle. Duk wanda ya shigo ta ƙofar gyara to daidai yake da ke, yana iya goge tambaya, yana ganin amsar kowa har da lambobin waya. Ki mayar da izinin gyaran taƙaitacce, ya zama sai wanda kika saka imel ɗinsa da hannunki, sannan ki tura sabon linki na cikewa.

Abu na biyu da mutane ke mantawa, a saiti akwai wani zaɓi na nuna wa masu cikewa taƙaitaccen sakamako, in yana kunne duk wanda ya gama cikewa zai iya ganin abin da wasu suka rubuta. Ki kashe shi. In kuma kin haɗa fom ɗin da Google Sheets, wato takardar jadawalin da amsoshin ke taruwa a ciki, to ki duba izinin wannan takardar daban, don cire mutum daga fom ba ya nufin an cire shi daga can.

Sakatariya:
Innalillahi, haka ne Malam, a buɗe yake. Na tuna ma, mataimakiyata ce ta ce ba ta iya shiga shi ne na buɗe wa kowa don in huta. Na rufe yanzu. To ita ya zan yi da ita, tana buƙatar ganin sunayen?

Mai Gyaran Kwamfuta:
Kar ki saka ta a fom ɗin sam. Ki ba ta takardar Sheets ɗin a matsayin mai kallo. A Google Drive, wato ma'ajiyar fayiloli ta Google, matakin izini uku ne, mai kallo, mai sharhi, mai gyara, kuma in dai ganin suna ne aikinta to kallo ya ishe ta. Akwai ɗan alamar saiti a akwatin rabawa, ki cire zaɓin da ke barin masu gyara su ƙara wasu mutane, ki kuma hana masu kallo saukewa da kwafa da bugawa. Ki lura da folda ma, fayil yana gadon izinin foldar da aka ajiye shi, in foldar a buɗe take shi ma ya buɗe.

Tsohon Akawu:
Ni kan PDF ɗin zan yi magana 'yar uwa, don na daɗe ina wannan aikin. PDF kalmar sirri iri biyu yake ɗauka, ɗaya ta buɗe fayil ɗin, ɗaya ta izini. Ta biyun kike so. A Adobe Acrobat, wanda ake biya ba Reader na kyauta ba, in kin gama saka guraben cikewa sai ki je wurin tsaro ki saka kalmar sirrin izini, a jerin canje-canjen da aka yarda da su ki zaɓi cike gurabe da sa hannu kawai. Kowa zai buɗe ba tare da an tambaye shi komai ba, zai rubuta sunansa, amma sharuɗɗan ba za su taɓu ba. In da Word kika rubuta shi ma yana da nasa, a shafin bita akwai taƙaita gyara, ki zaɓi cike fom. Sai dai ki rubuta kalmar sirrin a wuri mai kyau ki kuma ajiye kwafi ɗaya wanda ba a kulle ba, na taɓa kulle kaina a waje da takardar da na kwana uku ina tsarawa, sai da na sake ta daga farko.

Ɗalibar Tsaron Bayanai:
Baba Akawu ka yi bayani mai kyau amma ka yi min afuwa, akwai inda zan ɗan ja. Wannan kalmar sirrin izini ba kwaɗo ba ce, kamar ka liƙa takarda ne a ƙofa ka ce don Allah kar a shiga. Manhajar da aka buɗe fayil ɗin da ita ce ke zaɓar ta bi umarnin, Acrobat yana bi, amma akwai manhajoji da shafuka da ba ruwansu, cikin minti ɗaya za a cire. Haka ma taƙaita gyara na Word. Wadda take kulle abu da gaske ita ce ta buɗewa, don ita ce ke sa ba a iya karanta fayil ɗin sai da ita, musamman in an zaɓi AES 256, wato wani tsari mai ƙarfi na ɓoye bayanai, kuma kalmar tana da tsawo. Hana saukewa a Drive ma haka, wanda ya iya gani zai iya ɗaukar hoton allo.

Ba ina cewa kar ta saka ba ne, ta saka, yana hana kuskure da masu karambani. Amma tunda yarjejeniya ce, Anti ki riƙe asalin a wurinki, duk wadda aka dawo da ita ki gwada da naki kafin ki amince. Kuma wani abu da ya fi damuna, lambobin nan sun riga sun fita, rufe ƙofa yanzu ba zai dawo da su ba. Ni a ganina ki sanar da waɗanda suka cike gaskiyar abin da ya faru, su san in baƙon kira ya shigo yana ambaton ƙungiyarku ba daga gare ku ba ne. Haƙƙinsu ne su sani.

Tsohon Akawu:
Gaskiyarki 'yata, ban musa ba. Na ƙaru.

Sakatariya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na rubuta saƙon ban haƙuri zan tura musu yau, da nauyi amma ya zama dole. Saura tambaya ta huɗun nan da aka goge, amsoshin da aka riga aka bayar sun tafi ke nan?

Mai Gyaran Kwamfuta:
In kin haɗa da Sheets tun kafin a goge, duba can, layin tambayar yakan zauna da amsoshinsa ko da an cire ta daga fom. In shi ma an taɓa, ki buɗe tarihin sauye-sauye na takardar, za ki ga yadda take a kowace rana, ki koma ranar da komai ke daidai ki kwafo su. Kafin ki fara dai ki yi kwafin takardar gaba ɗaya ki ajiye gefe.