Yogot na gida ga mai cikin da aka ce ta rage maiƙo: me ya sa yake tsinkewa?

Mai Jiran Haihuwa:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Cikina wata biyar ne. Hoton da aka yi mini ya nuna tsakuwa a matsarmama, likita ta ce in rage maiƙo har in sauka, sannan a ga abin da za a yi. Ta kuma ce kada in bar madara saboda kalsiyam. Yogot na shago sukari ya yi masa yawa, shi ya sa nake son in riƙa haɗa nawa. Matsalar ita ce, da madara mai mai yana yin barci da kyau, amma da wadda aka cire wa mai sai ya fito tsululu, ruwa kwance a sama, ga tsami. Ina ne kuskuren? Akwai haɗari ga cikin idan na sha na gida? Sannan "rage maiƙo" ɗin nan har zuwa ina, in daina taɓa mai gaba ɗaya ne?

Uwar Kicin:

Wa alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya raba lafiya. Ni ɓangaren yogot zan amsa, na abinci a bar wa malaman asibiti.

Abin da ke riƙe yogot furotin ɗin madara ne. Mai yana ƙara masa laushi da cika baki, to idan an cire shi sai a cike gurbin da ƙarin furotin da kuma dogon dumamawa. Yawancin mutane ɗaya daga cikin biyun nan suke tsallakewa.

Idan madarar ruwa marar mai kike amfani da ita, a kowace lita ɗaya ki zuba babban cokali 4 na madarar gari marar mai, kusan giram 30 ke nan, ki dama tun tana sanyi. Idan kuwa da garin kaɗai za ki haɗa, ki auna giram 130, ki zuba ruwa har ya cika lita ɗaya. Awon da ke jikin gwangwani na sha ne, ya yi wa yogot ruwa.

Ki ɗauraye tukunya mai kaurin gindi da ruwan sanyi, kada ki goge, ki juye madarar. Wuta kaɗan-kaɗan, kina juyawa har ƙasa, domin madara marar mai saurin kamu gare ta, kuma da ta kama ƙaurin ba ya fita. Ki kai ta digiri 85 a ma'aunin salshiyas, ki riƙe ta a nan minti 20 zuwa 30. Nan ne sirrin yake. Zafin nan ne ke warware furotin ɗin da ke narke a ruwan madara, ya manne da ɗaya furotin ɗin mai yin gudaji, su haɗu su riƙe ruwan. Wadda ta dumama madara ta sauke nan take, ruwan nata ba shi da abin da zai riƙe shi, dole ya taso sama. In babu ma'aunin zafi, alamar ita ce tururi na tashi, ƙananan kumfa sun zagaye gefen tukunya, amma ba ta tafarfasa ba. Duk da haka ina ganin ki sayi ma'aunin, ya fi kintace nesa ba kusa ba.

Daga nan ki rufe, ki tsoma gindin tukunyar a roba mai ruwan sanyi har ta sauko digiri 43. Ki yaye fatar da ta kwanta a sama. Kada ki tsoma yatsa don gwaji. Ki ɗiga kaɗan da cokali mai tsafta a cikin wuyan hannunki: ya kasance da ɗumi sosai amma ba ya ƙuna.

Irin da za ki kafa da shi, yogot ne marar sukari marar ɗanɗano, wanda aka rubuta a jikinsa cewa ƙwayoyinsa na da rai, sabon buɗewa. Babban cokali 2 a lita ɗaya, kada ki ƙara. Mutane na zaton yawan iri ne ke kawo kauri, alhali shi ke kawo tsami da tsaki-tsaki. Ki fara dama shi a ƙaramin kofi da madarar ɗumin har ya yi sumul, sannan ki juye a sauran, ki juya a hankali.

Ƙwayoyi iri biyu ne ke aikin, Streptococcus thermophilus da Lactobacillus bulgaricus. Suna cin sukarin madara su mayar da shi tsami, tsamin ne ke sa madarar barci. Sun fi son digiri 40 zuwa 45. Ya haura 50 sai su fara mutuwa, ya faɗi ƙasa da 35 sai aikin ya yi nawa, wani lokaci ma ya fito da yauƙi. Ki zuba a kwalaben da kika ɗauraye da tafasasshen ruwa, ki jera su a kula tare da kwalbar ruwan ɗumi, ko ki zuba a fulas mai faɗin baki. Awa 6 zuwa 8, ba taɓawa, ba jijjigawa, ba buɗewa a leƙa. Ki karkata kwalbar kaɗan, in ya janye daga jikinta a dunƙule to ya yi. Sai firji, aƙalla awa 6 kafin cokali ya shiga, don a cikin sanyin yake ƙarasa kama jikinsa.

Ruwa a sama haɗe da tsami da kika ambata, alamar ya wuce lokaci ne ko ɗumin ya yi yawa. Ki rage awa ɗaya ko biyu ki gani.

Malamar Awo:

Bayanin Uwar Kicin ya yi daidai. Bari in ɗora a kan tambaya ta biyu da ta uku.

Yogot na gida ba shi da laifi ga mai ciki muddin madarar ta sha zafi. Abin tsoron ɗanyar madara ce, wadda aka tatso ba a dafa ba, saboda ƙwayoyin cuta irin su Listeria da Brucella da Salmonella. Listeria ce ta fi tayar mana da hankali: mai ciki ta fi sauran mutane saurin kamuwa da ita kusan sau 10, uwar na iya jin ɗan zazzaɓi da ciwon jiki kawai, amma ta jawo ɓari ko haihuwa kafin lokaci. Kuma tana iya hayayyafa ko a cikin firji. Digiri 85 na minti 20 ya wuce abin da ake buƙata don kashe su, tunda a masana'anta digiri 72 na daƙiƙa 15 ake yi. Saboda haka haɗarin da ya rage bayan dahuwa yake shigowa: cokali, murfi, ƙyalle, hannu, da irin da aka kafa da shi. Firjinki ya kasance digiri 4 ko ƙasa, ki shanye cikin kwana 5 zuwa 7. Wanda ya yi awa 12 bai yi barci ba, a zubar, kada a ƙara iri a sake jira. Tsamin ne ke tsare shi, in tsami bai samu ba to madara ce kawai ta wuni a ɗumi. Haka wanda ya yi funfuna, ko launin hoda, ko warin giya, ko yake kumfa, ba a kwashe saman a sha na ƙasa.

Maganar mai kuwa, a'a, ba dainawa za ki yi ba, kuma wannan shi ne kuskuren da aka fi yi saboda tsoron ciwon. Matsarmama jaka ce mai ajiye ruwan da ke narka mai. Da maiƙo ya isa hanji sai ta matse ta feso ruwan, idan maiƙon ya zo da yawa lokaci guda sai ta matse da ƙarfi, tsakuwa ta toshe bakinta, ciwo ya tashi. Ciki kuma na ƙara dagula lamarin: sinadaran jiki na mai juna biyu suna sa jakar ta yi sanyin matsewa, ruwan ya ƙara kauri. To in kin hana ta mai kwata-kwata, ko kina daɗewa ba ki ci ba, ruwan zai zauna ya ƙara daskarewa. Ramewa da sauri ma tana haifar da tsakuwa. Ga shi bitamin A, D, E da K ba sa shiga jiki sai da mai, ƙwaƙwalwa da idon jariri kuma na buƙatar man kifi mai suna DHA, kimanin miligiram 200 a rana.

Dabarar rarrabawa ce. Abinci kaɗan-kaɗan sau 5 ko 6 a rana, kowanne da ɗan mai, maimakon faranti guda mai nauyi da dare. Ki daina tsiyaya mai daga bakin kwalba, ki auna: ƙaramin cokali kusan giram 5 ne, babba giram 14. Ƙaramin cokali ɗaya a rabonki na kowane babban abinci awo ne mai kyau na farawa. Kofin madara mai mai yana da giram 8, na marar mai bai kai 1 ba, kalsiyam ɗinsu kuma kusan ɗaya ne. Gwaiduwar ƙwai ɗaya giram 5. A kayan gwangwani da na leda ki duba layin mai: giram 3 ko ƙasa a cikin giram 100 shi ne mai ƙarancin mai. Suya ta koma dafuwa, gashi ko turarawa. A cire fatar kaza da kitsen nama tun kafin a ɗora, romo kuma a bar shi ya huce a firji a kwashe man da ya daskare a sama. Jimillar giram na rana kuwa likitarki ce za ta yanke, don ya danganta da nauyinki da yadda ciwon ke tashi.

Abin da ake mantawa shi ne, giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na hatsi ko furotin 4. Kin rage mai, kin rage ƙarfi mai yawa ba ki sani ba, alhali a watannin tsakiya jiki na neman ƙarin kusan kalori 340 a rana, a ukun ƙarshe kusan 450. Ki cike da wake, hatsi, dankali, tsokar nama, farin kifi, ƴaƴan itace da yogot ɗin nan. A wurin awo ki sa ido a kan nauyinki, in ya tsaya ko yana raguwa ki faɗa.

Kada ki zauna a gida idan ciwon gefen dama na sama ya wuce awa biyu bai lafa ba, ko ya zo da zazzaɓi, ko amai ba tsayawa, ko ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu. Kuma ba kowane ciwo a wurin nan ne na tsakuwa ba. In ya haɗu da ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi ko kumburin fuska, hawan jinin ciki ake zargi, wannan na gaggawa ne. Ƙaiƙayin tafin hannu da na ƙafa, musamman da dare, shi ma a kai asibiti a duba hanta.

Mai Jiran Haihuwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti Uwar Kicin, wata ta ce mini in tace shi a ƙyalle ko in sa garin sitaci ya yi kauri. Wanne ya fi? Malama, kifi mai mai fa, in ci ko in bari?

Mai Madara:

Kafin a amsa miki, Hajiya, ki duba garin madarar da kike saye. Iri uku ne a kasuwa. Akwai cikakkiya, mai ɗinta kusan kashi 26 cikin 100. Akwai wadda aka cire wa mai, ba ta wuce kashi 1.5. Sai ta uku mai yaudara, wadda aka cire man shanun aka mayar da man itace, galibi na kwakwar manja. A jerin kayan haɗinta za ki ga an fara da madara marar mai, sai ki saki jiki, alhali mai ɗinta ya kai na cikakkiya. Lambar da ke layin mai ita ce abin dubawa.

Sitaci ban goyi baya ba. Kauri yake bayarwa na ido, ba ya ƙara komai na gina jiki, kuma sai an dafa shi cikin madarar tun farko, in ba haka ba ya bar gari-gari a harshe. Tacewa ta fi: ƙyalle mai tsafta wanda aka tafasa, a shimfiɗa a rariya, kwano a ƙasa, awa 2 zuwa 3. A cikin firji za a yi, ba a kan teburi ba.

Uwar Kicin:

Na yarda da maganar sitaci, amma tacewar ina da ja. Ruwan nan mai launin ɗorawa da ke tsanewa yana tafiya da wani kaso na kalsiyam, ita kuma don kalsiyam take sha. Idan ta yi awon giram 130 da riƙewar minti 20, ba ta buƙatar ƙyalle. In dai sai ta tace, to awa ɗaya ta isa, ruwan kuma ta zuba a kwaɓin fulawa ko ta markaɗa shi da ayaba ta sha a ranar.

Ki ɗebi irin gaba da cokali mai tsafta tun ranar farko kafin kowa ya taɓa, ki rufe daban, ki yi amfani da shi cikin mako guda. Bayan zagaye 3 ko 4 ki sayi sabo, don ƙwayoyin na rauni, tsami na ƙaruwa.

Malamar Awo:

Kifi ki ci, sau 2 a mako. Mai mai irin su sardin da salmon ki fara da ɗan yanki, gasasshe ko dafaffe, da rana, kuma abincin da kika sa shi kada ki ƙara masa wani man. In yana tayar miki da ciwo, ki tambayi likita ƙwayar DHA. Man hantar kifi dai a'a, haka hanta ita kanta, bitamin A ɗinsu ya yi wa jariri yawa. Manyan kifayen teku masu cin ƴan'uwansu, irin su shak, a bar su saboda sinadarin makuri mai guba da ke jikinsu.

Kalsiyam kuma, ma'aunin da aka fi amfani da shi miligiram 1,000 ne a rana, 1,300 ga wadda ba ta kai shekara 19 ba. Kofi ɗaya na yogot na ba da 300 zuwa 400, don haka kofi biyu tare da sauran abinci sun kusa kai ki. Sai dai kada ki kora maganin ƙarin jini da shi, kalsiyam na hana sinadarin ƙarfe shiga jiki. Ki raba su da awa 2: maganin da ruwa ko lemon zaƙi, yogot kuma a wani lokacin. Allah ya sauke ki lafiya.