Saura kaɗan in kammala digirin digirgir, ban san inda zan nufa ba

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Ina digirin digirgir a nan Jos, bincikena kan ƙwayoyin cutar da ke cikin nonon da ake kawowa kasuwa ne. Koyarwa nake a wata sakandare mai zaman kanta, da albashin nake sayen kayan gwaji, ga maigidan an mai da shi Abuja, ni da yara muna nan. Saura in kare aikin gaban mai jarrabawa na waje. Maƙalata biyu sun fito. Wata ƙungiya a Abuja ta yi mini tayin aikin tattara bayanai, amma raina na kan ci gaba da bincike a ƙasar waje. Ya zan yi?

Dakta Bala: Wa alaikumus salam. Malama, a waɗanne mujallu suka fito? Ki nemi sunansu a jerin Scopus ko DOAJ, shafukan intanet da ke lissafa mujallun bincike da aka tantance. Mujallar da ta karɓi aiki cikin mako guda bayan an biya kuɗi, babu gyaran masu tantancewa, kwamitin tallafi ba ya lissafa ta. Tallafin Georg Forster na gidauniyar Humboldt a Jamus an yi shi ne don masu bincike daga ƙasashe masu tasowa, na sababbin masu digirgir wata 6 zuwa 24 ne, kuma sai wanda bai kai shekara 4 da kammalawa ba. Dole ki fara samun farfesan da zai karɓe ki a can. Ki rubuta masa gajeren saƙo: wane aikinsa kika karanta, wane samfuri ke hannunki, wace tambaya za ku amsa tare. Saƙo ɗaya da aka watsa wa mutum ashirin ba a amsa shi.

Malam Iliya: Me ya kai ki Jamus? Ki nemi TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu.

Dakta Bala: Malam, wannan na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, makarantarsu ke miƙa sunansu. Ita ba ta ciki.

Malam Iliya: To ai matsalar ke nan. Mai digirgir a matakin Lakcara II zai fara koyarwa a jami'a, shi ma gurbin sai ka ji an cike ba a tallata ba.

Anti Rahila: Ƙanwata, karɓi aikin Abuja. Za ki koyi manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox da ta nazarinsu, Stata ko R, ki haɗu da iyalinki. Amma kafin ki sa hannu ki tambaya a rubuce ko za a sa sunanki a maƙalun da za su fito daga bayanan.

Dakta Bala: Kwantiragin shekara biyu zai cinye rabin wa'adin shekara 4 ɗin nan, hannunta kuma ya bar ɗakin gwaji. Ta tsaya ta fitar da babi ɗaya a mujallar kirki, ta buɗe ORCID, lambar shaidar mai bincike a intanet, sannan ta nema.

Maman Hanif: Na gode. Amma Dakta, mujallun nan malamina ne ya nuna mini su, kuma sashenmu ya karɓa. Wata takwas ana jiran amsar babbar mujalla, da yaushe zan gama? Anti, aikin ma na wata shida ne, sai an sabunta.

Dakta Bala: Sunan mujallun dai, Malama.