Neman shawara: maigida zai ɗaure bututun maniyyi, zancen birai ya hana ni barci

Salamu alaikum 'yan uwa. Daga Garwa nake, a ɓoye sunana. Haihuwata huɗu, uku da tiyata, ta ƙarshen da ƙyar na sha. Likita ya ce wani cikin haɗari ne, allura da ƙwaya kuma ba sa karɓata. Maigida da kansa ya ce shi za a ɗaure wa bututun. To jiya ƙanena mai karatun likitan dabbobi a Gaundare ya ce an gwada a zomaye da birai, jikinsu ya koma yana yaƙar maniyyinsu. Tun daren nake juyi a shimfiɗa. Kada garin ceto na in jefa bawan Allah cikin ciwo.

Wani ma'aikacin lafiya, Marwa: Wa alaikis salam Hajiya. Ƙanenki bai yi ƙarya ba, rabin labarin ya ba ki. Sai an balaga ake fara yin ƙwayoyin maniyyi, kuma akwai shinge a maraina da ke raba su da jini, don haka garkuwar jiki ba ta san su ba. In an toshe hanya, maraina ba sa daina aiki, ƙwayoyin na taruwa, wasu su tsiyaye, jiki ya ɗauke su baƙi. A ɓeraye wurin kan yi ɗan kullutu, a zomaye an ga kumburin maraina. Ɓerayen ma wani jinsi jikinsa ya yaƙi maniyyin, wani bai yi ba. Na biran, a 1978 aka yi a Amurka: an ɗaure musu bututun, ana ba su abinci mai kitse, jijiyoyin jininsu suka fi na waɗanda ba a ɗaure wa ba toshewa. Aka tsorata ƙwarai, aka bi dubban mazan da aka ɗaure wa bututun shekaru, ba a ga ƙarin ciwon zuciya ba. Kimanin rabin mazan da aka ɗaure wa ko fiye jikinsu na yin wannan martanin na yaƙar maniyyi, suna zaune lafiya. Inda yake iya damu shi ne ranar da aka so kwancewa a sake haihuwa.

Wata uwa, Kusiri: Ƙanwata, ni biri bai dame ni ba. Kin tambaye shi ko ya cire rai da ƙarin aure? Yau tausayinki ne, gobe danginsa su ce ke kika sa shi. Ku je ga malami tare, a san lalura ce.

Mai tambaya: Yaya, wallahi kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Malam na Marwa, ƙarfinsa fa?

Ma'aikacin lafiya: Ba dandaƙa ba ce, Hajiya. Sha'awa da ruwan suna nan, ƙwayoyin ne kawai babu. Amma ba nan take ba: ku ci gaba da kariya wajen wata 3, sai an gwada ruwan an ga ba ko ɗaya.