In awo ya sauka, sai a ajiye maganin hawan jini?

Malam Garba: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da na daɗe ina so in faɗa kuma na san ba kowa zai ji daɗinta ba, wannan cewa da ake yi wai wanda ya fara shan maganin hawan jini shi da ƙwaya sai mutuwa, ni dai ban yarda da ita ba. An ɗora ni a kan amlodipine, na rage gishiri na rage tumbi kullum da safe ina fita tattaki, yanzu in na auna 128/82 nake gani wani lokacin ma ƙasa da haka. To me zan ci gaba da yi da magani? Ƙarshen watan nan zan ajiye shi in sha Allahu

Nura: Wallahi Malam ka faɗi abin da ke raina. Ƙwayoyin nan su ke cinye ƙodar mutane, ka tambayi duk wanda ake wa wankin ƙoda za ka ji ya shekara da shekaru yana shan maganin hawan jini

Sista Rakiya: Wa alaikumus salam Malam. Sannu da ƙoƙari, abin da ka yi ba ƙaramin aiki ba ne. Amma tambaya ɗaya, 128/82 ɗin nan da magani a jikinka ka same shi ko babu? Da magani ne ai. Kamar mai lema ne a tsakiyar ruwan sama ya ce tunda bai jiƙe ba ruwa ya ɗauke. Kuma amlodipine yana daɗewa a jini, in ka daina yau gobe da jibi za ka auna ka ga lafiya lau ka ce ai ga shi nan na warke, sai bayan sati ɗaya ko biyu ya fara hawa a hankali lokacin kai kuma ka riga ka daina aunawa

Auwal Famasi: Nura ka juya maganar ne. Hawan jini da ciwon suga su ne manyan abubuwa biyu da ke kai mutum ga wankin ƙoda, shi ya sa kake ganin masu wankin suna shan maganin, ciwon ne ya kai su can ba ƙwayar ba. Irin su lisinopril da losartan ma ana ba masu suga ne don su kare musu ƙodar, abin da ake yi kawai shi ne gwajin jini bayan an fara a duba ƙoda da potassium. In kana neman ƙwayar da ke wahalar da ƙoda kuma take ɗaga jini, ka duba ibuprofen da diclofenac da mutane ke afawa kullum don ciwon jiki ba likitan da ya rubuta musu

Nura: To mutanen zamanin da fa? Wace ƙwaya suka sha, ai lafiyarsu ƙalau suka rayu

Auwal Famasi: Suna mutuwa da shi ƙanina, sai dai a ce wane ya yanke jiki ya faɗi. Franklin Roosevelt shugaban Amurka ne guda, da likitoci a kansa dare da rana, jininsa ya yi ta hawa ba wani ingantaccen magani a lokacin, 1945 jijiya ta fashe masa a ƙwaƙwalwa ya rasu yana da shekara 63

Injiniya Kabiru: Ni fa ina ganin kun yi wa Malam Garba rubdugu, kuma maganarsa akwai gaskiya a ciki. Sau nawa mutum zai shiga ganin likita a rubuta masa takarda cikin minti biyu ba wanda zai zauna ya masa bayanin abinci? Wani bincike kan abinci mai suna DASH da aka fitar a Amurka a 1997 ya nuna yawaita kayan lambu da 'ya'yan itace da madara mai ƙarancin kitse da kuma rage kitse kaɗai ya sauke lambar sama ta awon jini da kusan 11 ga masu hawan jini, wannan ai ya kai aikin ƙwaya ɗaya. Rage ƙiba ma haka, kusan kowane kilo ɗaya da ka zubar yana sauke maki ɗaya. To in mutum ya haɗa duka wannan me zai hana a sallame shi?

Sista Rakiya: Injiniya ban musa maka ba, ana ragewa kuma akwai waɗanda ake cire wa gaba ɗaya, musamman wanda nasa bai yi nisa ba, ƙwaya ɗaya yake sha kuma ya zubar da ƙiba sosai. Amma ka lura da kalmar da ka yi amfani da ita, a sallame shi. Wa zai sallame shi? Likita ne zai rage masa kaɗan kaɗan yana bibiyar awo na watanni, in ya fara hawa a mayar. Da yawa ma yana dawo musu domin jijiyoyin jini suna ƙara tauri da shekaru kuma akwai gado. Wasu magungunan kuma irin atenolol haɗari ne a yanke su rana ɗaya, zuciya na iya rikicewa

Hajiya Binta: Malam Garba don girman Allah ka saurare ni. Maigidana haka ya ce, ba ya jin ciwon kai ba ya jin jiri to na me zai yi ta haɗiyar ƙwaya, ya ajiye ba wanda ya sani. Rannan yana zaune yana shan ruwa kofin ya suɓuce daga hannunsa, na ɗago na ga bakinsa ya karkace gefe guda yana ta son ya kira sunana harshen ya ƙi. Yanzu ni nake saka masa maɓallin riga. Bai taɓa jin komai ba kafin ranar, ko sau ɗaya

Malam Garba: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba shi lafiya Hajiya, ya saka miki da alheri

Nura: Allah ya sa kaffara ne Hajiya

Auwal Famasi: Amin. Abin da Hajiya ta faɗa shi ne matsalar ciwon nan, yawanci ba ya ba da alama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce manya sama da biliyan ɗaya ke da shi kuma kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba. Don haka "ina jin garau" ba awo ba ne

Malam Garba: To bari in faɗa muku abin da ya fi damuna. Ƙafafuna ne, da yamma idon sawuna sai ya kumbura har takalmi ya matse ni, in na danna da yatsa sai wurin ya loɓa ya daɗe bai ciko ba. Shi ya sa na fara tunanin ko ƙodar ce kamar yadda Nura ke cewa

Sista Rakiya: Yauwa Malam, da wannan ya kamata mu fara. Kumburin idon sawu sanannen abu ne ga masu shan amlodipine musamman in an kai mutum 10mg, amma dole likita ya duba ka ya tabbatar ba zuciya ko ƙoda ba ce. In maganin ne sai a rage shi ko a haɗa maka da wani ko a canza gaba ɗaya. Haka masu lisinopril wasu busasshen tari ke damunsu sai a mayar da su losartan, masu hydrochlorothiazide kuma yawan fitsari shi ya sa ake cewa a sha da safe. Har abin da maza ke jin nauyin faɗa, in ka ga rauni a wajen iyali bayan fara magani ka faɗa wa likita, akwai canji. Mutane da yawa a nan suke ajiye magani a ɓoye alhali magana ɗaya ce za ta warware

Injiniya Kabiru: Na yarda da wannan. Amma ina nan a kan bakana cewa ana saurin ɗora mutane a kan ƙwaya, wani tsoron asibiti ne kawai ke ɗaga masa jini in ya koma gida ya sauka

Sista Rakiya: Akwai wannan ɗin sosai, shi ya sa ba a yanke hukunci da awo ɗaya, sai an samu 140/90 ko sama a ranaku daban daban, kuma awon gida yana taimakawa. Amma a yi shi daidai, ka zauna minti 5 tukuna, bayanka a jingine ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba kofi ba sigari rabin awa kafin nan kuma ka yi shiru lokacin da na'urar ke aiki. Malam ka yi haka safe da yamma na sati ɗaya kana ci gaba da shan maganinka, ka rubuta a takarda ka kai wa likitanka, ka ce masa ga abin da na yi ga ƙafata ga kuma burina na a rage min. Tattakin nan kar ka bari, minti 150 a sati ake so, gishiri kuma ƙasa da giram 5 a rana wato kamar ƙaramin cokali ɗaya har da wanda ke ɓoye cikin abincin gwangwani da na leda

Malam Garba: Har yanzu ban yarda cewa kowa sai ya mutu da ƙwaya a baki ba Sista, amma na ji, ba zan ajiye da kaina ba. Zan yi awon in kai masa mu ji abin da zai ce

Nura: Ni dai sai na ga sakamakon gwajin ƙodar Malam tukuna

Maman Ilham: Ku yi haƙuri na shigo a makare. Sista ni losartan nake sha kuma muna neman haihuwa, ni ma ci gaba zan yi har sai na ga likita?

Sista Rakiya: Maman Ilham naki daban ne kar ki jira, losartan da lisinopril ba a shan su da ciki suna cutar da jariri. Ki je cikin satin nan tun kafin cikin ya shiga a canza miki zuwa irin labetalol ko nifedipine ko methyldopa, in kuma kina zargin ya riga ya shiga to yau ɗin nan za ki nemi likita kafin ki sha na gaba